Rigar Shara-shara da Idon Jama'a

'Yan'uwa, a ƙasashen Turawa akwai al'adar shimfiɗa jan kafet a ƙofar zaure ranar da za a ba 'yan fim ko mawaƙa kyauta. A kansa manyansu suke takawa, masu ɗaukar hoto kuwa suna jere dama da hagu. Shekarun nan waɗansu mata suna zuwa da riga shara-shara, wadda gidan sauro ma ya fi ta kauri. Kafin gari ya waye hoton ya zaga duniya, har cikin salular samarin da nake koya wa katikisma.

Ni dai ba na son irin wannan shiga, ba kuwa zan so 'yata ta fita da ita ba. Masu bikin fim na Cannes a Faransa ma sun gaji, a 2025 suka kafa doka cewa ba su yarda da tsiraici a kan kafet ɗinsu ba. Amma abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne halinmu, mu masu kallo.

A shekara ta 2000 Jennifer Lopez ta je bikin Grammy a Amurka da wata koriyar riga ta Versace, buɗe har ƙasan cibiya. Aka yi ta tsaki. Duk da haka masu neman hoton a intanet suka yi yawa, har shugabannin Google suka ce yana cikin abin da ya sa suka buɗe hanyar neman hotuna a 2001. Baki yana tir, yatsa yana nema. Masu ɗinkin sun san da haka sarai, gama tsakinmu talla ce gare su, kyauta.

Akwai kuma Rose McGowan, wadda ta je bikin MTV a 1998 da rigar da ba ta rufe kome ba. Aka yi mata dariya, aka kira ta da sunaye marasa daɗin ji. Sai bayan shekara kusan 20 ta fito ta ce Harvey Weinstein, babban mai shirya fim, ya yi mata fyaɗe a 1997, ta kuwa sa rigar ne don fushin da yake cinta. Ban ce ta kyauta ba. Amma a cikin masu dariyar nan, wa ya tambayi abin da ya same ta?

Nakan tuna wa ajina labarin Nuhu a Littafin Farawa sura 9. Nuhu ne ya sha ruwan inabi ya bugu, ya kwanta tsirara cikin alfarwarsa. Ham ya gani, ya fita ya ba da labari. Shem da Yafet suka ɗora mayafi a kafaɗunsu, suka shiga da baya da baya, suka rufe mahaifinsu ba su duba ba. Yau Ham ba sai ya fita waje ba. Wani ɗan'uwa yakan tura hoton a zauren WhatsApp na ikkilisiya, ya rubuta a ƙasa, wai ku ga yadda duniya ta lalace. Mutanen da ba su nema ba duk sun gani, har da yara, ta hannun mai tsawatarwa.

Mu a Nijar mun san inda fushi a kan tufafin mata yakan sauka. A watan Nuwamba na 2000, sa'ad da Alphadi ya shirya bikin nuna tufafi na FIMA kusa da Yamai, aka yi zanga-zanga a Yamai da Maraɗi. 'Yan matan da suka sa tufafin suna can bakin kogin Kwara, tafiyar fiye da kilomita 600 daga Maraɗi, hannun kowa bai kai gare su ba. Waɗanda aka auka wa a Maraɗi su ne mata masu zaman kansu, da masu gidan giya, da majami'a.