Wutar da ta Ƙi Kamawa

Zuwa ga Edita,

Ina roƙonka ɗan fili in ba 'yan'uwa labarin wata wuta da ta ƙi kama mini, har sai da na tuna maƙerar garinmu.

Ni mutumin Tsaskiya ne, ta ƙasar Safana, amma a Zariya nake aikin awon sinadarai. Akwai wata na'ura a hannuna mai rarrabe tururi, wadda James da Martin suka ƙago a Ingila cikin 1952. A bakinta akwai 'yar wuta ta iskar haidirojin, dabarar da McWilliam da Dewar suka bayyana a Ostireliya cikin 1958. Duk mai da ya biyo ta wutar nan ya ƙone, sai lantarki ya motsa, na'ura ta rubuta. In babu wuta, makauniya ce.

Ran nan aka kawo kananzir cikin kwalba, ana zaton an garwaya shi da fetur, domin fitila ta fashe ta ƙona wata yarinya, sauran man kuwa yana kasuwa. Na kunna, wuta ta ƙi.

Na fara da zafi, gama in bai wuce digiri 150 ba, raɓa takan taru ta hana. Na iske 250. Na leƙa 'yar wayar da ke tayar da wutar, ga ta ja kamar garwashi. Na kwance kafar da iskar ke fita, wadda ba ta fi ta allura ba, ko ta toshe. Ba ta toshe ba. Ga la'asar ta yi, hankalina ya tashi.

Sai na tuna muna yara mukan yi wa wani tsoho zuga. In muka danna zugazugi da ƙarfi tun garwashi bai kama ba, sai ya tsawata, ya ce jaririyar wuta ba ta son guguwa. Na'urata kuwa takan sha mililita 30 na haidirojin da 300 na iska kowane minti. Kuma na tuna jiya-jiya muka sake tukunyar haidirojin, watau iska ta cika bututu. Na buɗe taga, na bar haidirojin ya kore ta, sa'an nan na rage iska, na kunna. Sai na ji fat!

Da yake wutar nan da ƙyar ido ke ganinta, na kara sifana mai sanyi bisa bakin, raɓa ta kwanta a kai. Na mai da iska daidai. Kafin magariba fetur ya tona kansa, gama ya fi kananzir saurin tashi, shi ya fara fitowa. Muka kai rahoto, aka tsare man.

To, 'yan'uwa ma'aikata, ku bi abu ɗaya bayan ɗaya, kada ku ce na'ura ta mutu tun ba ku tambayi kanku abin da kuka taɓa jiya ba. Kada kuma mu raina ilmin maƙera. Allah ya jiƙan tsohon nan, ya ba yarinyar lafiya, amin.

Haza wasalam.

Wani ɗan Tsaskiya, Zariya.