Da Tsohuwar Zuma Ake Magani, Amma Nawa Ne Kuɗinta?

Jama'a, tsadar rayuwar nan har tsofaffin kaya ba ta bari ba. Kyamarar fim, irin wadda masu hoto na Tudun Wada da Sabon Gari suka jingine tun da dijital ta shigo, yau ta koma kayan marmari. Samarin Turai da Amurka sun dawo suna yayinta, 'yan kasuwa sun farga, farashi ya yi tashin gwauron zabo. Mu kuma a nan, tun da aka saki naira a watan Yunin 2023, dalar da ake samu wajen naira 460 a farashin gwamnati ta haura 1,500 a 2024. Duk abin da zai tsallako teku, sai ka ninka kuɗinsa uku kafin ma a fara ciniki.

Abin da ya jefa ni cikin wannan magana shi ne ɗan yayata. Yaron yana karatun zane-zane da ɗaukar hoto, kuma malaminsu ya ce kowa ya nemo kyamarar fim wadda ake saita komai da hannu. Mahaifinsa ɗinkin hannu yake yi a nan cikin birni, aska takwas da aska biyu, kuma kun san yadda kasuwar babbar riga take in ba Sallah ta matso ba. Da yaron ya kawo maganar gida, uwarsa ta ce, "Wai ita wayar da ke hannunka ba ta ɗaukar hoto ne?" Ni kuwa sai aka turo mini shi, tun da an san ina da tsohon ƙawance da masu hoto. Ya ce, "Kawu, in ban samu ba kafin a koma hutu, kwas ɗin nan sai dai na sake shi baɗi."

Tambayar Yaya tana kan hanya, kuma ta cancanci amsa. Waya ita ce ke yi maka tunani: ta auna haske, ta gyara kala, kai dai danna kawai. Ka ɗauki hoto ɗari, ka zaɓi ɗaya. Fim kuwa hoto 36 ne a naɗi guda, kowanne da kuɗinsa, kuma ba za ka ga abin da ka yi ba sai an wanke. Dole yaro ya tsaya ya dubi inda rana take, ya yanke shawarar faɗin ƙofar haske da saurin buɗewarta, sannan ya danna. Wannan tsayawar ita malamin yake so su koya. Na ce mata, "Yaya, kamar yadda maigidanki ba ya ba almajiri keken surfani sai hannunsa ya saba da allura, haka abin yake." Ta yi shiru, can ta ce, "To nawa ne?"

Nan fa ake yin ta. In ka shiga intanet, sunaye biyu za a yi ta nanata maka. Ta farko Pentax K1000, wadda aka yi ta ƙerawa daga 1976 zuwa 1997, kuma makarantun hoto a Amurka suka mayar da ita kyamarar ɗalibi. Ta biyu Canon AE-1, ita ma ta 1976. Duka biyu nagari ne, sai dai sunansu ya riga ya yi tsada, rabin kuɗin da za ka biya na sunan ne. Sabuwa kuwa, Pentax sun fitar da wata a 2024 mai suna Pentax 17, wajen dala 500. Ku lissafa da kanku: a canjin 2024, ya haura albashin wata goma na ma'aikacin da ke kan mafi ƙarancin albashi na naira 70,000.

Sai na ɗauki yaron muka je wajen wani dattijo da ya yi shekaru yana hoton suna da biki da fasfo. Ya saurare mu tsaf, ya ce, "Malam, ku bar bin suna, ku bi ƙarfe." Ga abin da ya karantar da mu, na haɗa da ɗan abin da na sani.

Na ɗaya, a nemi wadda ke aiki ko babu batir. K1000 haka take, batirinta na mitar haske ne kawai. AE-1 kuwa in batirinta mai bolt 6 ya mutu, ko motsi ba ta yi, kuma ba kowane shago ke da irinsa ba. Akwai waɗanda ba su yi suna ba amma aikin ɗaya ne: Yashica FX-3 ta 1979, da Ricoh KR-5 wadda ke karɓar irin gilashin gaba na Pentax, da Zenit-E ta Tarayyar Sobiyat, mai nauyi kamar dutsen niƙa amma ga juriya. Yashicar nan ƙananan batura biyu take ci, LR44, irin waɗanda ake samu a teburin mai gyaran agogo.

Na biyu, gilashin gaba mai lamba 50 ya isa ɗalibi. Shi ne mafi araha, kuma abin da yake gani ya yi kusa da abin da ido ke gani. Dogayen nan masu zuƙowa a bar wa masu kuɗi.

Na uku, gani ya kori ji, kada a saya daga hoton WhatsApp. A buɗe bayanta a ɗaga ta sama, a danna a kowace lamba, a ga ƙyauren yana buɗewa yana rufewa. A sa ta a daƙiƙa ɗaya a saurara, in ta ja ta maƙale to man cikinta ya daskare. A haska gilashin da tocila: in an ga zare-zare kamar saƙar gizo, funfuna ce ta damina ta kama shi. A leƙa ramin batir ko ya yi tsatsa. Soson da ke gefen murfi yakan narke ya zama kamar kwalta, haske ya riƙa shiga yana ɓata fim, amma wannan gyaran gida ne, baƙin zaren ulu da gam sun wadatar.

Ko mitar haske ta mutu, Baba ya ce kada a fasa in dai an rage kuɗi. Akwai tsohuwar ƙa'ida: a rana tsaka, a sa ƙofar haske a 16, saurin kuma a lambar da ta fi kusa da ta fim ɗin, wato fim mai lamba 100 a sa 125. In hazon hunturu ya rufe gari, a buɗe zuwa 11 ko 8.

Abin da ya fi tsaya mini shi ne maganarsa ta ƙarshe. Ya ce kyamara sau ɗaya ake sayenta, fim kuwa kullum ne, kamar mai doki da dusa. Don haka kada a zuba duk kuɗin a ƙarfen. Fim mai kala yana son inji da ruwan magani mai zafin digiri 38, kuma yawancin masu injin sun rufe. Baƙi da fari, irin Fomapan ko Kentmere, ya fi sauƙi, ɗalibi zai iya wankewa da kansa. Shi kuma digiri 20 yake so, abin da ruwan famfon Zariya ba ya bayarwa a watan Afrilu. Baba ya yi dariya ya ce su da ruwan randa suke yi, da asuba.

A ƙarshe Yashica FX-3 muka samu, a hannun iyalan wani abokin sana'arsa da ya rasu, Allah Ya jiƙansa. Fatar jikinta duk ta saɓule, abin da aka san wannan samfurin da shi, amma cikinta lafiya lau. Abin da ya rage a kuɗin muka sayi fim da shi. Yaron ya ɗan ɓata rai, wai abokansa za su yi masa dariya. Na ba shi labarin J.D. 'Okhai Ojeikere, wanda ya fara da 'yar akwatin Brownie a 1950, ya zo ya ɗauki hotunan kitson matan Nijeriya kusan dubu, yau suna rataye a manyan gidajen tarihi na duniya. Seydou Keïta na Bamako ma da Brownie ya fara, kyautar ɗan'uwan iyayensa.

Akwai dalilin da ya sa na ɗauki abin da zafi. Ranar Juma'a 11 ga Agustan 2023 wani sashe na babban Masallacin Juma'a na Zazzau ya rufta ana sallar La'asar, aka rasa rayuka, Allah Ya gafarta musu. Ginin Babban Gwani Muhammadu Durugu ne tun shekarun 1830. Yau mai son ya san yadda bakan-gizonsa suke tun asali, sai ya nemi awo da hotunan da wani masanin gini ɗan ƙasar Polan, Zbigniew Dmochowski, ya yi, ko ya je Jos ya ga kwaikwayon da aka gina a gidan tarihi. Ganuwa kullum zaizayewa take, ana ɗibar ƙasarta. Zaurukan ƙasa masu zanen dagi a Kwarbai da Limancin Kona, kowace shekara sai an rushe wasu an sa bulo. Daga Ƙofar Doka zuwa Ƙofar Gayan, abin da muka gani muna yara da yawa babu shi. Wayoyinmu cike suke da hotuna, amma ran da waya ta faɗa ruwa ko aka sace, shi ke nan. Nagetif in an adana shi a busasshen wuri yana haura shekara hamsin. Ina so a ce ɗan cikin birni ne, wanda ya san a yi sallama a zaure a nemi izini kafin a ɗaga kyamara, zai ajiye wa jikokinmu kamannin garin nan.

Roƙona gare ku: duk wanda mahaifinsa ko kakansa ya bar tsohuwar kyamara a adaka, don Allah kada a ba 'yan jari-bola a kan kuɗin ƙarfe. A nemi ɗalibi a sayar masa da sauƙi ko a ba shi aro. Haka tsofaffin nagetif, kada a ƙona, a sa su a ambulan a nesanta su da laima. Wanda kuma ya san inda har yanzu ake wanke fim mai kala a Kaduna ko Kano, ya sanar da mu, akwai yara da yawa da ke nema.

Allah Ya sassauta mana wannan tsada, Ya yi wa karatun yaranmu albarka. Amin.