Yininmu a Gidan Surori na Landan

Cikin hunturu muka sauka Landan, lokacin da gari ke yin duhu tun la'asar ba ta yi sakaliya ba. Washegari muka shiga jirgin nan mai tafiya ƙarƙashin ƙasa, wanda aka fara tun 1863. Sau biyu muna wuce tasharmu saboda kunyar tambaya. Da ƙyar muka ɓullo dandalin Tarafalga, inda zakoki huɗu na tagulla ke kwance gindin ginshiƙin Nelson.

Arewa da dandalin nan gidan surori na ƙasa yake, wanda suke kira National Gallery. A bakin ƙofa gardama ta tashi. Babbanmu, malami mai tsantseni, ya ce shi kam ƙafarsa ba ta taka gidan sura. Muka ce, “Allah ya gafarta malam, ai ba sujada muka zo yi ba, kallo ne.” Ya yi shiru, sa'an nan ya ce zai bi mu don kada mu ɓace, tun da ya ga aikinmu a jirgi. Ko kwabo ba a karɓa ba.

Asalin gidan, cikin 1824 Gwamnatin Ingila ta sayi surori 38 na wani attajiri, Angerstein, a kan fam 57,000. Yau sun haura 2,300. Zamanin yaƙin Hitila aka kwashe su aka ɓoye cikin ramin haƙar dutse a ƙasar Wales, amma daga 1942 kowane wata sai a komo da guda a rataye, jama'a su yi ta zuwa kallo.

Ɗakuna da yawa ratsa su kurum muka yi, don ido ma yana ƙoshi. Inda muka daɗe shi ne gaban aikin Holbein, wani Bajamushe, na 1533. Faransawa biyu ne tsaye, jakada da babban limamin Kirista, sun sha ado. Tsakaninsu ga darduma irin ta Turkiyya, ga kayan awon rana da taurari, ga littafin lissafi, ga molo da tsirkiya ɗaya tsinkakkiya. Kai ka ce in ka miƙa hannu za ka taɓa gashin rigar jakadan. Amma ƙasa, wajen ƙafafunsu, akwai wani abu dogo a karkace, fari-fari, muka zaci ɓarna ce.

Mai tsaron ɗakin ya ga muna nune-nune, ya ce mu koma dama, mu raɓu da bango, mu duba a kaikaice. Muka bi da ɗai ɗai. Ashe ƙoƙon kan mutum ne, da ramukan ido da haƙora! Mai zanen ya miƙe shi da gangan, ya ajiye shi ƙarƙashin dukiya da ilmin mutanen nan.

Babbanmu ne ya duba daga ƙarshe. Ya yi salati a hankali, ya komo gaba ya dubi adon jakadan, ya sake komawa jikin bango. Har sau uku. Da niyyarmu mu ga kogin Temis da rana, amma ko da muka fito fitilu sun kama ko'ina, ga yayyafi. Muna saukowa matakala sai ya waiwaya ya tambaye mu ƙarfe nawa ake buɗe gidan gobe.