Mudun Ailan Da Mudunmu

A dogon hutun da ya wuce, kawuna wanda yake aikin likita a ƙasar Ailan ya zo gida da iyalinsa. Babban ɗansa ya girme ni da shekara biyu, a can aka haife shi, Hausarsa ma sai a hankali. Da yake taubashina ne, tun ranar da suka sauka muka shiga zolayar juna. Ni ina yi masa dariya don yana cin tuwo da cokali, shi kuwa ya ce takardar WAEC ɗin da nake wahala a kanta ko ƙofar jami'arsu ba za ta kai ni ba. Na yi dariya a gaban mutane, amma maganar ta tsaya mini a rai, domin na san mahaifina da Kawu sun daɗe suna shawarar ko in tafi can karatu in na gama.

Kashegari na tsare shi a zaure, na ce sai ya gaya mini abin da tasu takardar ta fi tamu da shi.

Ya ce sakandarensu kashi biyu ce kamar tamu. Ana yin shekara uku a ƙarama, a yi jarrabawa. Daga nan akwai wata shekara guda wadda ba tilas ba ce a makarantu da yawa, ana koyon sana'a da aikin taimakon jama'a, ba babbar jarrabawa a cikinta. Sa'an nan a yi shekara biyu a babba, a rufe da jarrabawar da suke kira Leaving Certificate, watau shaidar barin makaranta. A watan Yuni ake yin ta, shi ma bai daɗe da gama tasa ba, sakamako yake jira.

Yawancin ɗalibai darasi bakwai suke ɗauka, cikinsu har da Turanci da lissafi da harshen mutanen Ailan na asali. Nan na sami abin ramawa, na ce ashe ya iya harshen kakannin wasu, na kakanninsa ya gagare shi. Yawancin darussa kuma suna da mataki biyu, mai zurfi da na tsaka-tsaki, ɗalibi ya zaɓi wanda zai iya. Tun 2017, wanda ya ci kashi 90 cikin 100 ko fiye a mai zurfi ana ba shi maki 100, amma a na tsaka-tsaki iyakarsa 56. Ana tara makin darussa shida da ɗalibi ya fi ci, a ƙara 25 ga wanda ya ci lissafi mai zurfi. Saboda haka ƙololuwar maki ita ce 625.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne, wannan jarrabawa ita ce WAEC ɗinsu, ita ce kuma JAMB ɗinsu. Akwai wani ofishi a birnin Galwe da ake kira CAO, ɗalibi ya jera masa fannonin da yake so bi da bi. Makin shiga kowane fanni yana hawa yana sauka kamar farashin hatsi: in masu nema suka yi yawa ya hau, in suka ragu ya sauka. Masu son likitanci kuwa sai sun ƙara da wata jarrabawar ta dabam.

Da na kwatanta, sai na ga kowace ƙasa da irin nata awon. Mu nan muna ɗaukar darasi takwas ko tara, ana ba mu daga A1 zuwa F9, a nemi kiredit biyar har da Turanci, a fannoni da yawa har da lissafi, sa'an nan mu je JAMB mu yi darasi huɗu a kan maki 400. Hukumar WAEC an kafa ta tun 1952, ƙasashe biyar ke amfani da ita: Nijeriya, Gana, Saliyo, Gambiya da Laberiya. A Ingila kuwa, a shekara biyun ƙarshe darasi uku kawai yawancin ɗalibai suke riƙewa, su yi musu zurfi. Maƙwabtanmu na Nijar suna bin tsarin Faransa, suna yin Bak, awonsu a kan 20 yake, 10 ita ce ci. Na Ailan ya fi na Ingila faɗi, na Ingila ya fi shi zurfi.

Da dare na kai ƙarar taubashina wurin Kawu. Ya yi murmushi ya ce, "Ɗana, ka taɓa zuwa kasuwa awo? Mudun wata kasuwa ba ɗaya yake da na wata ba, amma mai gero mai kyau ba ya rasa mai saye." Ya ce jami'o'i da yawa a Ingila sukan sa mai WAEC ya yi shekara guda ta share fage, don yaransu sun fi mu daɗewa a makaranta da shekara ɗaya. A Ailan ma wasu haka suke yi, wasu kuwa sukan karɓa in sakamakon ya yi kyau ƙwarai. Ya ce babban tsaunin ba takarda ba ne, kuɗi ne, domin baƙo yana biyan kuɗin makaranta fiye da ɗan ƙasa nesa ba kusa ba. Daga ƙarshe ya tuna mini cewa shi kansa WAEC ya yi, a nan gida ya karanta likitanci, ga shi yau yana duba marasa lafiya a can. Ashe uban mai ba'ar ma da mudunmu aka auna shi.

Sakamakon taubashina ya fito a watan Agusta suna nan. Daren da za a sake shi ko abinci bai ci ba, mai cika bakin nan ya koma kamar kazar da ruwa ya daka. Ya ci da kyau, amma 'yan makin da suka rage suka hana shi zaɓinsa na farko, aka ba shi na biyu. Na zaci Kawu zai kira wani babba ya sa baki. Ya ce ba a haka, na'ura ce take jera sunaye bisa ga maki, ɗan minista da ɗan leburan duk ɗaya. Wannan kam na yarda sun fi mu, ina ma a ce ko'ina haka ake.

To, 'yan'uwana ɗalibai, ban san ko aljihun mahaifina zai kai ni Ailan ba. Amma na dawo makaranta na daina raina takardar da nake nema, na kuma daina gudun ajin lissafi. Iyayenmu kuma ina roƙonsu, kafin a sayar da gona don tura yaro waje, a bincika abin da jami'ar take nema da abin da za a biya. Allah Ya ba mu sa'ar jarrabawa, amin.