Farin Ƙwai A Cikin Auduga

Gwaggona ta rasu a Jekadafari da ciwon daji na mama. Shekara guda tana ɓoye ƙullutun don kunya, ana ta jiƙe-jiƙe da shafe-shafe, ko da aka kai ta asibiti ciwo ya riga ya ci jiki. Bayan sadakar arba'in sai na tasa Yayata gaba, ita kuwa shekarunta 44, na ce sai an duba ta. Ta ce, "Ke dai kin cika naci, ni ba inda ke mini ciwo." Duk da haka ta ɗauki mayafi, muka nufi Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke nan Gombe.

Aka yi mata hoton da ake kira mamogiram, watau a matse maman tsakanin faranti biyu a ɗauki hoton cikinsa. Da likita ta nuna mana, sai na ga abu fari fat. Ta ce, "Hajiya, ban ga kome ba, amma kada mu yi saurin murna, domin naki mai cunkoson nama ne."

Ni da nake taƙama da karatu ban taɓa jin wannan ba, sai na ce a yi mana bayani. Ashe mama haɗi ne na kitse da jijiyoyin nono da naman da ke riƙe su. A hoto kitse duhu yake fitowa, naman nan kuwa fari, ƙarin daji shi ma fari. To, wadda namanta ya rinjayi kitse, neman ƙari a hotonta kamar neman farin ƙwai ne a tarin auduga. Ba cuta ba ce, halitta ce, kuma ba a gane ta da taɓawa ko da girman mama, sai da hoto. An fi samunta ga masu ƙuruciya, takan ragu bayan ɗaukewar al'ada, amma tana ɗan ƙara haɗarin ciwon. Likitoci sun kasa abin kashi huɗu, na ukun da na huɗun su ne masu cunkoso. A Amurka, tun watan Satumba na 2024, doka ta wajabta a gaya wa kowace mace ko nata mai cunkoso ne.

Saboda haka aka ƙara wa Yaya da sikanin, irin wanda ake yi wa masu ciki. Nan ne aka ga ɗan ƙari kamar ƙwayar gyaɗa. Aka tsakuro shi da allura aka auna, ashe dajin ne, amma bai yi jijiya ba. An yi mata aiki, ta sha magani, yanzu har ta koma ɗinkinta.

Na kan tuna, da likita ta tsaya ga "ban ga kome ba", da mun dawo gida da guɗa, muna ɗauke da abin da ya kashe Gwaggo.

To, 'yan'uwana ɗalibai, maza da mata, gobe mu ne malamai a ƙauyuka, kuma maganar malami ba ta tsayawa cikin aji. Mu gaya wa iyayenmu da yayyenmu, wadda ta kai arba'in ta je a duba ta. Wadda ta ji ƙullutu kuwa, ko shekarunta nawa, kada ta jira. In an yi hoto ta tambaya, "Nawa mai cunkoso ne? Ina bukatar sikanin?" Matambayi ba ya ɓata.

Allah ya jiƙan Gwaggo, ya ba marasa lafiya sauƙi, amin.