Danƙon da Ba Ya Jira

Duk wanda ya saba bin hanyoyin Adar masu duwatsu ya san abin da direba ke yi idan tsakuwa ta huda tankin motarsa. Sai ya sauko, ya nemi guntun sabulu, ya jiƙa, ya murza a kan hujin har ɗigon ya tsaya, sannan a yi bisimilla a ci gaba. Dabarar tana da tushe, domin isansi, wato fetur, ba ya narkar da sabulu kamar yadda ruwa ke yi. In liƙin ya saki, sai a ratse gefen hanya a sake wani. Shekara da shekaru wannan gefen hanya ke rufa wa matafiya asiri, har mutane suka manta cewa akwai tafiyar da ba ta da shi.

Wani saurayi ɗan Kalfu, gabas da birnin Tawa, ya tashi da irin wannan tarbiyya a garejin kawunsa, inda ya koyi walda da gyaran inji. Sai dai zuciyarsa ba ta tsaya ga mota ba. Tun yana lakwal ya ji labarin Mubarak Muhammad Abdullahi, ɗalibin Jami'ar Bayero ta Kano, wanda a shekarar 2007 ya haɗa jirgi mai saukar ungulu da injin Honda Civic da tarkacen motoci, ya ɗaga shi kimanin mita 2 daga ƙasa. Daga baya kuma ya ji labarin Air Beetle, jirgin koyon tuƙi na sojan saman Nijeriya da aka harhaɗa a Kaduna. Asalinsa jirgin RV-6A ne na kamfanin Van's Aircraft da ke jihar Oregon ta Amurka, irin wanda ake sayarwa gunduwa-gunduwa mutum ya haɗa a bayan gidansa, kuma guda 60 aka sayo. Wannan labari na biyu shi ya hana shi barci, domin ya nuna masa cewa jirgin da hannu ya haɗa ba wasan yara ba ne.

Da ya samu zanen wani ƙaramin jirgi mai kujera ɗaya, ya ɗauka inji da fukafukai ne za su ba shi wahala. Ashe tanki ne. A irin jiragen RV, gaban fiffiken kansa shi ne tankin: fallayen alminiyam ne aka haɗa da ɗaruruwan ƙusoshin ribiti, kuma kowace ƙusa ƙofa ce da mai zai iya bi. A RV-6 kowane fiffike yana ɗaukar kusan lita 72. Abin da ke tsare wannan mai shi ne wani danƙo na musamman da ake kira folisalfaid, wanda yake zama kamar roba, yana lanƙwasa tare da fiffike, kuma mai ba ya cin sa. Danƙon silikon da ake liƙe gilashi da shi kumbura yake yi cikin fetur ya saki. Aradait kuwa bushewa yake ya yi tauri, girgiza ta tsaga shi. Guntun da ya ɓalle ba ɗigo kaɗai zai jawo ba, yana iya toshe bututun da ke kai mai ga inji.

Sayen danƙon shi ne jarrabawa ta farko. Babu shi a kasuwar Tawa, babu shi a Kwanni. Wani ɗan'uwa da ke Kaduna ne ya nemo, aka bi da shi ta Sakkwato da Illela, ya iso a watan Yuni na 2023 a kan kuɗin da ya kai na rago. Gwangwani biyu ne: babba mai farin abu mai kauri kamar tuwo, da ƙarami mai baƙin abu wanda shi ne ke sa farin ya daskare. Saurayin ya yi ta juya su yana murna, sai da ya kai wa wani malamin Ingilishi takardar jiki kafin ya gane abin da ya saya. Masu yin irin wannan danƙo galibi wata 9 suke ba shi, kuma da sharaɗin kada zafin wurin ajiya ya wuce digiri 27. Nasa ya riga ya ci wata 5 kafin ya zo hannunsa, ba a kuma san rufin kwanon da ya kwana a ƙarƙashi ba. A ƙasar da zafin Afrilu da Mayu ke haura digiri 40, wannan ba ƙaramin sharaɗi ba ne.

Ya roƙi wani mai sayar da ƙanƙara ya ajiye masa a firiji. Ba a yi wata biyu ba sai ga juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, sai takunkumin CEDEAO, sai rufe iyaka, Nijeriya kuma ta yanke wutar lantarkin da take turowa. Firiji ya koma akwati. Mahaifiyarsa ce ta karɓi gwangwanayen a Kalfu, ta sa su cikin tukunya, ta sa tukunyar cikin wata babba, ta cika tsakani da jiƙaƙƙen rairayi, irin dabarar nan da Mohammed Bah Abba ya yaɗa a Jigawa har ta samo masa kyautar Rolex a shekarar 2000. Safe da yamma tana zuba ruwa kamar mai rainon shuka, alhali ba ta taɓa son zancen jirgin ba. Amma tukunyar ta fi sanyaya abu idan iska ta bushe, ga shi kuwa damina ce. Fallayen alminiyam ɗin da yake jira su ma suka maƙale a hayin iyaka. Kafin tanki ya zama tanki, Maris ɗin 2024 ya shigo, wa'adin danƙo ya daɗe da wucewa.

A nan ne shi da kawunsa suka yi saɓanin da ba su taɓa yi ba. Kawun ya buɗe gwangwanin, warin farar wuta ya buge shi, ya taɓa da yatsa ya ce, "Yaro, wannan abu da ransa. Bature ne ya rubuta kwanan wata don ka sake saye. Shekara talatin ina liƙe tanki, ban taɓa tambayar danƙo ranar haihuwarsa ba."

Saurayin ya sunkuyar da kai ya ce, "Gaskiya ne, Kawu. Amma ku yi mini izini in gwada kaɗan tukuna."

Maganar kawun ba wauta ba ce. Masu haɗa jirage sun san danƙon da aka adana da kyau yakan wuce wa'adinsa bai lalace ba, kuma rago guda ba abin zubarwa ba ne. Abin da ya raba su shi ne wa zai yanke hukunci, yatsa ko gwaji. Saurayin ya aro sikelin wani maƙerin azurfa, ya auna giram 10 na fari da giram 1 na baƙi, domin mafi yawan irin wannan danƙo goma da ɗaya ake haɗa shi, da nauyi ba da ido ba. Ya shafa a kan guntun alminiyam ya ajiye. Bayan mako guda abin yana nan yana kama yatsa. Da ya kwana cikin kwalbar mai, sai ya saɓule kamar fatar maciji. Kawun ya ɗaga guntun ya duba ta ko'ina, bai ce komai ba, ya mayar masa. Ranar saurayin bai iya cin tuwo ba.

An buɗe iyaka a cikin watan nan na Maris, amma bai yi gaggawa ba. Ya yi walda har bayan kaka, ya tara kuɗi, ya kuma aika da saƙo cewa kada a biya sai an karanta masa ranar da aka yi gwangwanin. Ya zaɓi watan Disamba, domin ya koyi cewa danƙon yana da agogonsa. Alamar B-2 da ke jiki tana nufin awa 2 na aiki bayan an cakuɗa, a zafin digiri 25. Zafi yana rage wannan lokaci ƙwarai, ta yadda a bazara mutum bai gama jere ɗaya na ƙusoshi ba abin ya fara ƙin shafuwa. Bushewar iska kuwa jinkirta daskarewa take yi, don haka hunturu yana ba da sararin aiki, amma yana neman haƙurin jira.

Aikin da kansa ba ya da abin kallo. Bayan sallar asuba suke rufe ƙofa da taga saboda ƙura. A kankare wurin haɗi har ya daina sheƙi, a goge da asiton da tsumma mai tsabta, a sake gogewa da wani tsumman, daga nan ba mai taɓa wurin da hannu tsirara, domin maiƙon yatsa kaɗai ya isa ya hana kamawa. A cakuɗa ɗan kaɗan har fari da baƙi su zama toka-toka ba zane, ba tare da an shigar da iska ba. A shafa tsakanin fallaye, a buga ƙusa tun danƙon yana ɗanye, a bi gefen haɗin da shafe, a rufe kan kowace ƙusa ta ciki. Kawun ne ke riƙe ƙarfen dafa ƙusa, sanye da safar hannu, yana mita yana yi.

Bayan mako biyu aka zo gwajin ɗigo. Ba a cika tanki da iska kamar taya, domin zai kumbura ya lalace. Sai aka toshe kafofi, aka ɗaura balan-balan a bututun numfashi, aka hura iska kaɗan. Sannan kawun ya ɗauko tsohon abokinsa, sabulu, ya kaɗa a ruwa, ya bi haɗi da haɗi yana shafawa. A ƙusa ɗaya ta kusurwar baya kumfa ta fara tasowa a hankali. Ya ce, "Zo ka gani, ɗana. Da a mota ne da ban ko kula ba." Suka buɗe wurin suka gyara, suka sake jira.

Akwai abin lura a nan ga malamai da ƙungiyoyin raya al'adu. Duk lokacin da wani yaro ya ƙera abu mai fukafukai, akan taru a yi tafi a ɗauki hoto, amma da wuya a tambaye shi ko ya iya karanta takardar jikin gwangwani. Wannan saurayi ya yi karatu da Faransanci, yana tunani da Hausa, umarnin da ransa ya rataya a kai kuma da Ingilishi aka rubuta. Hausa ba ta rasa kalmomi ba: akwai liƙi da toshi da yaɓe da daɓe, akwai gyartai mai ɗinke ƙwarya, akwai maginan rumbunan Adar da suka san lokacin da laka ke karɓar laka. Ko sunan Thiokol, kamfanin Amurka da ya fara sayar da wannan roba, daga kalmomin Girka biyu aka ƙera shi, farar wuta da danƙo, kuma ta biyun ita ce uwar kalmar da ɗalibai ke kira kol a aji. Abin da ya rage shi ne a zauna a rubuta awo da wa'adi da gwaji cikin harshen da yaran gareji ke ji.

Jirgin bai tashi ba tukuna. Saura inji, saura koyon tuƙi, saura izinin hukumar kula da jiragen sama ta ƙasa, ANAC. Masu wucewa sukan leƙa su tambayi ranar tashi, kawun ya amsa musu da cewa da muguwar rawa gwamma ƙin tashi. Tankin yana rataye a rufin gareji, an lulluɓe shi da tsohon zanen mahaifiyar, an kuma rubuta ranar da aka liƙe shi da alli a jikin bango.