Ranar da Waƙar Baka ta Tsaya Gaban Alƙali

Mu ɗaliban Hausa akwai wata tambaya da ba ma rabuwa da ita, watau, "Me za ku ci da tatsuniya da kirari in kun gama?" Na daɗe ina neman amsar da za ta gamsar da ni kaina, kafin ma masu tambayar. Amsar da na samu kuwa daga nesa ta fito, daga wata al'umma ta ƙasar Kanada mai suna Wet'suwet'en.

Su dai mutanen nan 'yan asalin ƙasar ne tun kafin zuwan Turawa, suna zaune a yammacin Kanada, wajejen kogin Bulkley. Zuriya biyar gare su, ta wajen uwa kuma ake bin dangi. Ƙasarsu ta kai murabba'in kilomita 22,000, kowane gida da yankinsa, amma ba a takarda aka tsare iyakokin ba. Suna cikin waƙoƙin gado da ake kira kungax, waɗanda ake rerawa gaban shaidu a babban taron walima, inda ake naɗa sarauta. Gwamnati ta haramta irin wannan taro a 1884, ba a ɗage dokar ba sai 1951. Duk da haka dattawa ba su bari waƙoƙin suka mutu ba.

To, a 1984 sarakunansu da na maƙwabtansu, Gitxsan, suka kai gwamnatin lardinsu ƙara, suka ce ba su taɓa sallama ƙasarsu ga kowa ba. Dattawa suka tsaya a kotu suka zayyana tarihi da ka. A 1991 alƙali Allan McEachern ya ƙi ba wannan shaida nauyi, ya kori ƙarar. Suka ɗaukaka. A 1997, cikin shari'ar da aka sani da Delgamuukw, Kotun Ƙolin Kanada ta ce dole a karɓi tarihin baka kamar yadda ake karɓar na rubuce, ta kuma ce a sake shari'ar. Ba a miƙa musu ƙasar ba, shi ya sa rigima ta sake tashi a 2020 kan bututun iskar gas da aka bi da shi ta cikinta. Amma shaidar bakinsu ta sami daraja.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, da waƙoƙin sun tafi da tsofaffi, da me jikoki za su kai kotu? Mu ma fa muna da irinsu: makaɗin fada mai jero sarakuna da ka, da tsohon da ya san inda gonar kowa ta tsaya. Ya 'yan'uwana ɗalibai, hutun nan kowa ya je ya durƙusa gabansu da biro da rikoda, tun ana iya samunsu. Allah ya sa mu dace.